Ko Kun Sani? Kyanwa Ba Ta Jin Zaƙi

Ko kun san kyanwa ba ta jin zaƙi ko kaɗan? A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka gano cewa ƙwayar halittar da ke sa harshe ya gane sukari ba ta aiki a jikinta, haka ma manyan danginta na daji.

Hanci ne ke zaɓar mata abinci. Shi ya sa mutum zai sayo abincin gwangwani mai romo na Whiskas ko Felix a babban kanti da kuɗinsa, ya juye a kwano, ta sunsuna, ta kaɗa jela ta yi gaba. Sai a ce iyayi gare ta, alhali sau da yawa daga firji aka ɗauko shi, sanyi ya danne ƙamshin. A ɗan ɗumama shi zuwa wajen digiri 37, kamar ɓeran da ta kama yanzun nan, sai ka ga ta lashe kwanon tas.

Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan abincin ruwa ne, wanda ke amfanar dabbar da ba ta cika neman ruwan sha ba. Amma kada a zuba mata romon miya don jan ra'ayinta, domin albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini.