Miyar Da Ba Nama A Cikinta

A ƙasarmu in aka ce wane ya kwana bakwai ba a sa nama a tukunyar gidansa ba, sai ka ga an girgiza kai, watau an ɗauka tsiya ce ta kama shi. Amma akwai inda mutane su ke barin nama da gangan, alhali kuwa suna da halin saye. A Indiya akwai miliyoyin mutane waɗanda tun kakanninsu ba su taɓa cinsa ba, sai shinkafa da alkama da wake iri iri da nono, ga su kuwa suna noma suna karatu kamar kowa. A Ingila ma tun 1847 aka kafa ƙungiyar masu ƙin cin nama. Ba cewa mu ke yi a bi sawunsu ba. Nama halal ne, da shi a ke layya, da shi a ke suna. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, gidaje da yawa sun riga sun zauna ba nama saboda tsadarsa, saura dai a san yadda za a yi zaman ba tare da yara sun cutu ba.

Tuwo shi ke ba jiki ƙarfin aiki, amma gina tsoka da girman yaro sai da abin da likitoci su ke kira furotin. Dawa da gero suna da shi, misalin kashi 10 cikin 100, sai dai nasu gurgu ne, domin akwai wani sinadari, laisin, wanda ya yi musu ƙaranci. Busasshen wake kuwa yana da furotin wajen kashi 24 cikin 100, kuma laisin ɗin nan ya yalwata a cikinsa. Shi ma wake akwai abin da ya gaza, wanda hatsi ya ke da shi. To, in an gama su a ciki ɗaya sai kowanne ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa. An ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma a nan wake shi ke gyara shi. Iyayenmu mata ba su san sunan laisin ba, duk da haka su suka fito da wake da shinkafa, da ƙosai da koko, da ɗanwake, da faten wake. Ba kuwa lalle sai a kwano ɗaya ba. In an ci alale da rana, aka ci tuwo da dare, bukata ta biya.

Abin takaici shi ne ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin waken nan namu a duniya, Nijar ce ke bi mata, amma sau da yawa manomi ya kan kwashe nasa duka ya kai kasuwa tun kaka, ya bar iyalinsa da tuwo da miyar kuka tsinkakkiya har damina. Mu a ganinmu wannan ciniki faɗuwa ne. Ko tiya kaɗan aka ware, aka shanya ta bushe ƙayau, aka ɗaure cikin buhu mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ƙwari za su mutu ba sai an barbaɗa guba ba.

Wanda ya fi kowa shan wahalar rashin furotin shi ne yaron da aka yaye. A 1933 wata likita, Cicely Williams, wadda ta ke aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta bayyana wata cuta ta yara masu shan kunun masara zalla: ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga su ke kiranta, kwashiyoko. Har wa yau ba ta ƙare a ƙasashenmu ba. Uwa ta kan ga kumburin ta ce ƙiba ce, ko kuwa a ce sammu ne. In jariri ya cika wata 6 yana shan nonon uwa kaɗai, sa'an nan aka fara ba shi kunu, to, kada a ba shi farin koko. A soya gero awo uku, da wake ko waken suya awo ɗaya, da ɗan gyaɗa, a niƙa tare, a dama da kauri, a ɗiga mai. Cikin yaro ƙarami ne, in an cika shi da ruwa ba wurin abinci.

A nan sai mu yi wa masu gida magana. Al'adarmu ce in an sami tsoka biyu a miya, kwanon maigida za ta, yara kuwa su suɗe romo. Namijin da ya gama girma bai kai ɗan shekara uku ko mace mai ciki bukatar tsokar nan ba. Ba mu ce a rage masa girma ba, amma shi ya kamata ya ce a kai musu.

Sai batun ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci ganyaye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400 kowace rana. Ba sai an nemi na Turawa ba. Ga zogale, ga rama, ga yakuwa, da alayyahu, da lalo, da tafasa wadda ta ke fitowa da kanta a bayan gari. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir abinci ne cikakke, haka dambu in an cika shi da ganye. Kabewa da karas da manja suna da bitamin A mai tsare ido daga dundumi. Sai dai matanmu su kan dafa ganye har ya yi baƙi, su tsiyaye ruwan su zubar, rabin amfanin ya bi rariya. A rage ruwa, a rage lokaci. Kanwa ma, ko da ya ke tana sa wake ya nuna da wuri, tana kashe waɗansu bitamin. Gara a jiƙa waken tun dare. Kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da ganye, jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, shayi kuwa in an sha shi a kan abinci rage shi ya ke yi.

Daddawa fa? Kai, wannan an yi mata butulci. 'Ya'yan ɗorawa ne, da furotin da mai a cikinsu, amma an tura ta gefe saboda dunƙulen kanti wanda yawancinsa gishiri ne. Hukumar nan ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, don gudun hawan jini. Duk wadda ta jefa dunƙule huɗu a miya sa'an nan ta ƙara gishiri, ta lissafa da kanta.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, bitamin B12 ba a samunsa a hatsi ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba, rashinsa kuwa yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiya. Saboda haka gidan da ba nama kada ya rabu da nono da ƙwai da busasshen kifi in an samu, tun ba mai shayarwa ba. Maganar nan da a ke yi wai yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, ba ta da tushe ko kaɗan. Na biyu, gyaɗar da ta yi fumfuna akwai guba a cikinta, wadda aka gano bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuza mai ita. Tana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta sosai, sai dai a tsince a zubar.

Malaman da mu ke horarwa a kwaleji, mu kan umurce su in an tura su ƙauye kowa ya yi lambu a bayan aji, ya dasa zogale a jikin shinge, ya shuka wake da alayyahu da kabewa. Zogale tun bai shekara ba a ke fara tsinkarsa. Yaran su yi ban ruwa, su kuma tafi da ganyen gida wurin iyayensu mata ranar Juma'a.