Idan Ruwa Ya Ɗauke Bayan Shuka: Halin Da Gidan Manomi Ke Shiga

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura a ƙarshen watan Mayu zai ga gonaki an share su tas, an zuba taki tsibi-tsibi, magidanta kuwa suna zaune a gindin itatuwa suna duban gabas. Hadari suke jira. A wannan yanki damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, watau daga Yuni zuwa Satumba, kuma a cikin waɗannan watanni ne gidan manomi ke neman abincin da zai ci shekara guda cur.

Mu ɗauki gida mai mutum goma, alal misali, inda maigida da 'ya'yansa maza ke noman gandu. Kafin faɗuwar damina rumbu ya riga ya yi ƙasa, abin da ya saura bai wuce na 'yan makonni ba, sai kuma irin da aka ɓoye tun kaka. Ranar da aka yi ruwan farko, maigida ba ya barci da daɗi. In ya yi shuka, mai yiwuwa ne ruwan ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. In kuwa ya jira, damina na iya ƙarewa kafin amfani ya nuna. Waɗansu ma binne suke yi, su zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, su bar wa Allah sauran.

Sake shuka shi ne masomin wahala. Irin gida ya tafi, dole a nufi kasuwa a daidai lokacin da hatsi ya fi tsada. Sa'an nan ne ake sayar da akuyar uwargida, ko a ci bashin hatsi da sharaɗin a biya da ƙari in kaka ta yi. Abin da ya fi ban tausayi shi ne samarin gidan su tafi ƙwadago gonar mai hali don a sami na tuwon dare, alhali tasu gonar ciyawa na cinye ta tun ba a yi noman firi ba. Ta haka fari na mako uku ke zama talaucin shekara biyu.

Manomi dai bai zauna hannu rabbana ba. Tun kaka da kakanni yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Gero yakan nuna cikin kamar kwana 90, shi ke kore yunwa, shi ya sa yara ke murna ranar da aka fara gasa tumu. Dawa kuwa tana bukatar ruwa har ƙarshen Satumba. In ya ɗauke da wuri ba za ta cika ido ba. Yawan ruwan ma wata masifa ce. A shekarar 2022 ambaliya ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa a Jihar Jigawa, musamman a bakin kogin Haɗejiya, ana gab da girbi.

Wannan zaman ɗar-ɗar yana da tarihi. Har yanzu ana ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Farin 1972 da 1973 ya hallaka dabbobi da amfanin gona tun daga Sakkwato har Barno, ya kuma koro mutanen Nijar da yawa zuwa garuruwanmu. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, noman da Kano ke alfahari da dalarsa bai sake komawa yadda yake ba. Fari ya sake dawowa a 1984.

Ko shakka babu an yi ƙoƙari. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa. Cibiyoyin bincike na Samaru da Maiduguri sun fito da iri mai saurin nuna. Akwai shirin inshorar aikin gona tun 1987, kuma hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan ba da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da na ɗaukewarsa. Amma fa hasashen da ya tsaya a ofis bai amfani mai fartanya ba. Kamata ya yi ya kai ga masu unguwanni da malaman gona, a karanta shi da Hausa a rediyo tun watan Afrilu, iri kuma ya iso ƙauye kafin ruwan farko.

Kada ma'aikaci ko ɗalibi ya zaci wannan magana ta mutanen karkara ce kawai. Ranar da shuka ta ƙone a Ɓaɓura, kuɗin kwanon gero zai tashi a kasuwar Dawanau, ɗan'uwa zai zo birni neman taimako, yaron da ke makaranta kuma ya rasa kuɗin jarrabawa. Ɗalibin da zai tafi hutu gida, ya kai wa mahaifinsa labarin hasashen bana. Ma'aikacin da takardar taki ko iri ke kan teburinsa, ya tuna ruwa ba ya jiran sa hannu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.