Batiri a Ƙirji, Kati a Aljihu

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san al'adar Magamar Jibiya: a sauko daga mota, a nuna takarda, wani lokaci a laluba jiki. Ga mai lafiya, ɓata lokaci ne kawai. To a ce dattijo ne da bai fi wata guda da baro gadon asibiti ba, jami'i ya kai hannu ƙirjinsa na hagu, ƙasan ƙashin wuya, ya ji wani abu mai tauri cikin fata. Ba laya ba ce, ba kuma fasa-ƙwauri ba. Na'urar daidaita bugun zuciya ce, wadda jama'a suka fi kira batirin zuciya.

Zuciya tana da lantarkinta, wanda ke sa ta buga sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. In hanyar wutar ta toshe, galibi saboda tsufa, bugun kan sauka zuwa 40 ko ƙasa, sai jiri, sai kasala, sai faɗuwa ba gaira ba dalili. Mutum nawa aka ce iska ce ta taɓa su, aka yi ta turara musu hayaƙi? Na'urar ba ta kai kwalin ashana kauri ba. Tana sauraron zuciya ta siririyar waya da aka zura cikin jijiya, in bugu ya makara sai ta ɗan zungure ta.

Masu ganin an ɗaura musu ajali su ji labarin Arne Larsson, mutum na farko da aka dasa wa ita, a ƙasar Suwidin a 1958. Ta farkon sa'o'i kaɗan ta yi ta mutu. An sauya masa sama da 20 a tsawon rayuwarsa, bai rasu ba sai 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi aikin da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi.

Abin da na'urar ke nema kaɗan ne, sai dai kusan kowanne ya ci karo da ɗabi'ar mutumin bakin iyaka. Mako huɗu zuwa shida na farko ba a ɗaga hannun wannan ɓangaren sama da kafaɗa, ba a ɗaukar nauyi, don kada wayar ta goce kafin nama ya riƙe ta. Faɗa wa ɗan dako haka ranar Lahadi, kasuwar Jibiya na ci, buhunan gero jibge, ka ga irin kallon da zai yi maka. Salla ba ta da matsala, sai dai kada a dogara da wannan hannun wajen tasowa daga sujada.

Sai aljihun gaba. Telolinmu a hagu suke ɗinka shi, daidai kan na'urar, kuma nan ne gidan wayar salula. Likitoci sun ce a bar tazarar santimita 15 tsakaninsu, wato wayar ta koma aljihun gefe, a riƙa amsa kira da ɗaya kunnen. Mai walda kuwa, da bakanike mai sunkuyawa kan injin da ke ci, su ne ya kamata su zauna da likita tun kafin komawa bakin aiki. Rediyo, talabijin da firji ba ruwansu.

A bakin iyaka kuwa, sandar binciken nan mai ƙara idan ta ji ƙarfe ba ta lalata na'urar, amma ba a so a tsayar da ita a kan ƙirji. "Ranka ya daɗe, akwai batiri a nan, ga katina," ya wadatar. Sai a nemi a laluba da hannu.

A ganina katin na'urar nan ya fi fasfo daraja. Yana ɗauke da sunan kamfani, samfuri da ranar dashe, kuma kowane kamfani, Medtronic ne ko Biotronik, da irin kwamfutar da ke karanta na'urarsa. Wanda aka yi wa aiki a Kano ya faɗi a Ɗan Isa, abin da likitan Maraɗi zai fara nema ke nan. Batirin kan kai shekara bakwai zuwa goma, amma ana so a riƙa duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, ita kuwa hanyar Katsina zuwa Maraɗi ba ta da tabbas: an rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe Jibiya ba sai 2022, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Bamaraɗen da likitansa ke wannan tsallaken, tun kafin a sallame shi ya tambaya wane asibiti ne a ƙasarsu ke da kwamfutar da ta dace da tasa, a rubuta masa sunan a bayan katin.