Ko Ka San Na'urar da Ke Zana Wutar Lantarki?

Ko ka san akwai na'urar da ke zana wutar lantarki a kan gilashi har ka ga siffarta da idonka? Sunanta osiloskof. Asalinta wata kwalba ce da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897, irin wadda daga baya aka sa wa tsohuwar talabijin mai ƙeya. Wani ɗigon haske kore ne ke gudu daga hagu zuwa dama, ƙarfin wutar da aka jona yana ɗaga shi yana sauke shi, sai layi ya fito. Kamfanin Tektronix na Amurka, da aka kafa a 1946, ya yi suna sosai wajen ƙera ta.

Tsofaffin ba su da sauri. Da yawa iyakarsu bugu miliyan 5 ko 10 a daƙiƙa, don haka tashar FM da wayar salula sun fi ƙarfinsu. Shi ya sa ake raina su. A ganina an yi gaggawa, musamman a gari irin Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar kan hanyar Maraɗi, inda janareto da sola da inbata ke riƙe da shaguna. Wutar gida, a Katsina ko a Maraɗi, sau 50 kacal take zagayawa a daƙiƙa, sautin da kunne ke ji kuma bai wuce bugu 20,000 ba, don haka duk ba su fi ƙarfin tsohuwar osiloskof ba.

Mita za ta faɗa wa mai gyara ƙarfin wutar inbata, daga nan ta yi shiru. Osiloskof kuwa sai ta tona asiri: wuta mai kyau tana lanƙwasa sumul, ta inbata mai araha tana fitowa da kusurwoyi kamar matakalar bene. Irin wannan ce ke sa fanka gurnani, injin firij ya yi zafi. Haka amfilifayar masallaci. Idan murya na fashewa a lasifika, za ka ga an aske kan layin, sai ka bi sawu har inda cutar take.

A kula, cikin kwalbar akwai wuta mai ƙarfin bolt dubbai, kuma ba a jona wayar awon na'urar kai tsaye da wutar soket. Duk wanda ya ci karo da ita cikin kayan gwanjo, don Allah kada ya sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Ya kai wa mai gyaran rediyo ko makarantar koyon sana'a.