Ƙyanƙyasar Ƙwan Zabi a Sakkwato: Daga Kaza Zuwa Na'ura

Manufarmu a wannan takarda ita ce bayyana nauyin da ke hawa kan mai kiwo idan ya raba ƙwai da uwa. Sanin kowa ne cewa zabuwar gida ba ta cika yin kwanci ba, kuma galibi da damina take saka ƙwai. Shi ya sa tun kaka da kakanni mutanen Sakkwato ke zuba wa kaza ƙwan zabi, ta kwanta a kansa kwana 26 zuwa 28, alhali nata kwana 21 ne.

Wanda ya koma ga na'urar ƙyanƙyasa ya gaji ayyukan kaza guda uku. Na farko ɗumi, wanda ake so ya tsaya a digiri 37.5 na ma'aunin Salsiyas. Na biyu laima, wadda ake samarwa da tasar ruwa, don kada ƙwan ya bushe ɗan tsako ya kasa fasa ɓawo, ga shi kuwa ɓawon ƙwan zabi ya fi na kaza kauri. Na uku juyawa, aƙalla sau uku kullum, a daina kwana uku kafin ƙyanƙyasa.

Abin lura shi ne, na'ura ɗumamawa take yi, ba ta sanyayawa. A Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wajibi ne a ajiye ta a ɗaki mai inuwa da iska. Haka nan a tanadi wutar hasken rana saboda ɗaukewar lantarki, domin ƙwan da ya salwanta ba a mayar da shi sai wata damina.