A Daina Cewa "A Bari Ya Girma"

Wani lokaci kaka ce ke faɗa, wani lokaci maƙwabciya, kai har da malamin asibiti: "Nauyin baki ne kawai, ki ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana." Sai uwa ta koma ɗaki da ɗanta mai shekara biyu, wanda ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya kallon idonta, ba ya nuna abin da yake so da yatsa sai dai ya ja hannunta. Jikinta ya ba ta cewa akwai matsala, amma an rufe mata baki. Ina roƙon mu daina wannan magana tun yau, domin shekarun da muke cewa a jira su ne waɗanda taimako ya fi kama jikin yaro a cikinsu.

Ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa a shekaru ukun farko na rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da galahanga, wato autism, ban da masu shanyewar gaɓoɓi, da kurumta, da farfaɗiya, da jinkirin fahimta, da masu ƙiriniyar da ta fi ƙarfin yaron kansa. Mu kuma a nan muna da ƙarin dalilan da ke taɓa ƙwaƙwalwar jariri: doguwar naƙuda a gida, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, tamowa, da shawarar da ke kama jariri a makon farko, a shanya shi a rana ko a ɗura masa jiƙo har ta haye masa kai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bari da rauni a ƙwaƙwalwa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Jariri ya kai wata tara bai iya zama da kansa ba. Ya shekara bai san sunansa ba. Ya kai shekara ɗaya da rabi ba tafiya, ba kalma ko ɗaya. Ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu. Wadda ta fi duka gaggawa ita ce yaro ya fara magana ko tafiya sannan abin ya ɓace masa. Wannan ba a kwana da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaran nan suna bi ta hannun ma'aikatan lafiya. Uwar da ta kammala riga-kafi ta kai ɗanta asibiti aƙalla sau shida: bayan haihuwa, a mako 6 da 10 da 14, a wata 9, sannan a wata 15. Za a ɗora shi a sikeli, a yi masa allura, a cike kati, a kira na gaba. Da wuya a tambaye ta ko yana murmushi, ko yana juyowa in an tafa hannu, ko ya fara gwaranci. Tambayoyin ba za su ci minti uku ba. Akwai ma wata takardar tantance galahanga mai suna M-CHAT-R, tambayoyi ashirin ne da uwa ke amsawa da e ko a'a, ga yara 'yan wata 16 zuwa 30. Ba ta buƙatar na'ura ko wutar lantarki, sai dai a horar da ma'aikaci, a kuma yi wa uwa tambayoyin da Hausar da take ji.

In ma an lura, sai a ce da baki, "Ku je babban asibiti." Wane asibiti, wane ɓangare, wace rana? Ƙwararrun sun taru ne a manyan birane, a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri. Magidancin da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, ya iso ba takarda a hannu, aka ce ya dawo wani watan, da wuya ya sake dawowa. Turawa ta gaskiya ita ce a rubuta abin da aka gani, a faɗi wurin da ranar, sannan ƙaramin asibitin ya bi sawu ya ji ko an je.

Wannan giɓi kuwa wasu ne ke cike shi. Masu tallar "maganin buɗe baki" sun cika Facebook da TikTok, suna karɓar dubban nairori a hannun iyayen da hankalinsu ya tashi, alhali babu wani jiƙo ko ƙwaya da ke warkar da galahanga. Har yanzu akwai gidajen da ake kiran yaro mai shanyewar jiki ɗan ruwa, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Wanda ya girma ba a gane larurarsa ba sai a ce kangararre ne. Mun ga inda irin wannan suna ke kai yaro a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Ba na hana kowa yi wa ɗansa addu'a, ni ma ina yi. A yi ta, a kuma kai shi a duba.

Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da aka sa wa hannu a 2019 ta ba su haƙƙin kula da lafiya da ilimi. To, ma'aikatun lafiya na jihohinmu su sa tambayoyin girman yaro cikin aikin ranar riga-kafi, su kuma riƙa kai likitan yara da mai gashin ƙashi da mai gwajin ji manyan asibitocin ƙananan hukumomi ko da sau ɗaya a wata.

Ke kuma uwa, kada ki jira su. Ki ɗauki hoton bidiyon abin da ke damun ki a waya, ki riƙe katin riga-kafi, ki tuna yadda haihuwar ta kasance da ko ya yi shawara. Ki nemi a fara gwada jinsa, domin yara da yawa da ake kira bebaye kunne ne matsalarsu. In an ce ku je gaba, ki ce a rubuta miki a takarda.