Shirin wannan mako: Me ya sa hoton sikanin wani wuri ya fi na wani fita?

Ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Duk wanda ya taɓa raka mai ciki ko mara lafiya sikanin, ko a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko a ɗaya daga cikin wuraren kuɗi na Sabon Gari da Samaru, ya san hoton nan baƙi da fari mai kama da hazo. Wani wurin hoton ya fito tas, wani wurin kamar talabijin ɗin da eriya ta goce. Mutane sukan ce ai injin ne tsoho. Wani lokaci haka ne. Amma akwai wata dabara a cikin injin da ya kamata ku sani.

Da farko, sikanin ba hasken ekisire ba ne, sauti ne. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa injin yana aika sautin da ke kaɗawa miliyan 2 zuwa sama da miliyan 10. Sautin ya shiga jiki da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi hanta ko ƙoda ko jariri, ya dawo, injin ya auna lokacin da ya ɗauka ya zana hoto. Tun 1958 Ian Donald da abokan aikinsa a Gilasgo suka nuna za a iya duba ciki ta haka.

Matsalar ita ce kafin sautin ya kai hanta sai ya ratsa fata da kitse da nama. A nan yake ta kai-komo, amsa-kuwwar ƙarya ta cika hoton. Mai teɓa ya fi shan wannan wahalar. Jakar madaciya da ya kamata ta fito baƙa wuluk sai ta fito da ƙura-ƙura, likita ya rasa gane tsakuwa ce ko dattin hoto.

To ga inda abin yake da daɗi. Ku tuna lasifikar masu tallan magani a kasuwar Sabon Gari. Idan an ƙure ta, muryar takan gurɓace, ka ji wani ƙara da mai maganar bai yi ba. Naman jiki ma yana yi wa sauti irin haka. Ɓangaren sautin da ke matse nama ya ɗan fi ɓangaren da ke sakinsa gudu, don haka yana tafiya siffarsa na karkacewa, har ya haifi wani sabon sauti mai kaɗawa ninki biyu. Ka aika miliyan 2, miliyan 4 ta biyo shi. Shi ake kira hamonik. Kuma a can cikin jiki ake haifarsa, bayan an wuce fata da kitsen da ke ɓata hoto, sannan ya fi ƙarfi a tsakiyar layin sautin. Shi ya sa hotonsa ya fi tsabta. Wajen 1997 injinan asibiti suka fara zuwa da wannan, kuma a kan da yawa daga cikinsu za ka ga maɓallin da aka rubuta wa THI.

Sai dai hamonik ɗin raunanne ne, sautin asali ya danne shi. Da farko tacewa ake yi, a zubar da na ƙasa a riƙe na sama. Amma bugu gajere, wanda shi ke bambance abubuwa biyu da ke dab da juna, sautukansa kan haɗe da na hamonik, matacin ya kasa raba su. In ka tsawaita bugun kuma ka rasa kaifin hoto.

Mafitar da aka samu ita ce a daina aika bugu ɗaya. A aika biyu a layi guda, na biyun kishiyar na farko, inda wancan ya matse wannan ya saki. Sannan a haɗa amsoshinsu. Ɗaliban lissafi, ga naku: x da −x in an tara su sifili ne. Amma x² da (−x)² duk abu ɗaya ne, in an tara su sai su zama 2x². Sautin asali ya kashe kansa, hamonik ya ninka. Shi ke nan fa. Akwai kuma mai wasa da ƙarfi: a aika rabi, a sake aika rabi, a aika cikakke, a debe. Abin da ya rage shi ne abin da jiki ya gurɓata.

Dabarar ta fi nuna kanta idan an yi allurar wasu ƙananan kumfa na iska a jijiya, girmansu bai wuce na ƙwayar jini ba, irin SonoVue da Turai ta amince da shi a 2001. Kumfan suna rawa da sautin fiye da nama, sai jini ya haskaka, a ga yadda yake shiga ƙari a hanta. A yankinmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma shi ne kan gaba wajen jawo dajin hanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai allurar ba ta da arha.

Komai da farashinsa. Bugu biyu a kowane layi na nufin hotunan da injin ke fitarwa a daƙiƙa sun ragu. Hamonik kuma yana saurin mutuwa, ba ya kai wa can zurfi sosai, don haka gwanin mai sikanin yakan kunna ya kashe yana kwatantawa. Ni a ganina hannun da ke riƙe da injin ya fi shekarar injin muhimmanci. Sannan in jikin ya motsa tsakanin bugu na farko da na biyu, ba za su kashe juna daidai ba, hoton ya ɗan lalace. Numfashi ma yana ɗaga hanta ya sauke ta. Don haka in an ce ki ja numfashi ki riƙe, Hajiya, a daure a riƙe.

Masu tambaya ku ajiye ta a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.